Kuɗin Agajin Abinci na Duniya: Inda Suke Fitowa da Dalilin da Ya Sa Kaɗan Ne Ke Isowa Maiyama

Wanda ya bi hanyar Jega zuwa Koko a watan Agusta ba zai yarda akwai yunwa a ƙasar nan ba. Fadama ta cika da shinkafa, gero ya fitar da kai, dawa ta kusa rufe mutum. Amma a waɗannan makonnin ne sashen yara masu tamowa na Babban Asibitin Maiyama yake cika maƙil, mata suna ta zuwa daga ƙauyuka na kusa da na nesa, kowace da ɗanta a goye. Hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana bai nuna ba, sauro ya yi yawa, ga gudawa da ruwan damina ke kawowa.

Kebbi jiha ce mai abinci, kowa ya sani. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015, saboda shinkafarta. Albasar Aliero tana kaiwa Legas da Anacha, har ta tsallaka iyaka. Kasuwar Jega kuwa ta daɗe da yin suna wajen hatsi da dabbobi. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Babu jihar da ta kai ta a wannan binciken. Na ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne.

Shi ya sa idan aka ji a rediyo cewa wata ƙasa ta ba da dala miliyan kaza don yaƙi da yunwa a Najeriya, mutumin Andarai ko Sabiyal yake da hujjar tambaya: ina namu? Amsar tana buƙatar a san yadda kuɗin suke tafiya tun daga tushe.

Ba wanda aka tilasta wa

Babbar mai raba abincin gaggawa a duniya ita ce Hukumar Samar da Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, wadda aka kafa a 1961, hedikwatarta tana birnin Rum, kuma ta samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 2020. Mutane da yawa suna zaton tana da wani asusu da ƙasashe ke cikawa dole duk shekara. Babu shi. Akwai kuɗin da kowace ƙasa take biya tilas don gudanar da Majalisar da aikin sojojin kiyaye zaman lafiya, amma ko kwabo daga ciki ba a ware wa abincin WFP ba. Ita da UNICEF, mai kula da yara, da gudummawa suke rayuwa. Abin ya fi kama da gudummawar biki: wanda ya ga dama ya kawo, ya kawo abin da ya ga dama, kuma idan bana bai kawo ba, babu alƙalin da za a kai shi.

Saboda haka kuɗin suke hawa da sauka. A 2022, shekarar da yaƙin Yukren ya tayar da farashin alkama da taki, WFP ta tara kimanin dala biliyan 14, mafi yawa a tarihinta. A 2023 suka faɗo zuwa biliyan 8 da 'yan kai. A 2024 suka ɗan tashi zuwa kusan biliyan 10, sannan a 2025 hukumar ta sanar cewa tana sa ran raguwar kusan kashi 40 cikin 100. Masu jin yunwa ba su ragu a tsakanin waɗannan shekaru ba.

Abu na biyu shi ne masu bayarwar ba su da yawa. Amurka kaɗai ta ba da kusan rabin abin da WFP ta samu a 2024. Sai Jamus, Tarayyar Turai, Birtaniya, Kanada, Japan da ƙasashen arewacin Turai. Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna bayarwa, wani lokaci da yawa, amma sun fi bi ta nasu hukumomin, kamar Cibiyar Agaji ta Sarki Salman wadda ke raba kwalayen abinci a Najeriya ta hannun hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA. Idan majalisar dokokin ƙasa ɗaya ko biyu ta sauya ra'ayi, sai a ji a jikin yaro a Sudan, a Yaman, a Borno.

Kuma mafi yawan kuɗin da sharaɗi suke zuwa. Mai bayarwa ne ke cewa wannan na ƙasa kaza ne, na yanki kaza, na aiki kaza. Ko jami'in WFP da ke Abuja ya ga da idonsa cewa an fi buƙata a wani wuri, ba shi da ikon karkatar da su. Ɗan abin da ake sakar wa hukumar ta yi yadda ta ga ya dace bai taka kara ya karya ba. Akwai wani asusun ko-ta-kwana na Majalisar, CERF, da ya fara aiki a 2006 don a riƙa sakin kuɗi cikin kwanaki idan bala'i ya auku, an sa masa burin dala biliyan 1 a shekara, amma bai taɓa cika wannan burin ba.

Yadda ake auna yunwa

Kafin a nemi kuɗi sai an kawo lissafi. A Yammacin Afirka ana amfani da wani ma'auni mai suna Cadre Harmonisé, na ƙungiyar CILSS da ƙasashen Sahel suka kafa a 1973 bayan babban farin nan da dattawa ba su manta ba. Sau biyu a shekara, wajen Maris da kuma bayan kaka, jami'an ma'aikatar gona ta tarayya da na jihohi suna zama da hukumar abinci da noma ta Majalisar, FAO, da WFP da UNICEF, su duba amfanin gona, farashin kasuwa, abin da gidaje ke ci da awon yara, su sa kowane yanki a ɗaya daga matakai biyar. Mataki na 1 lafiya lau. Na 2 ana ci amma da ƙyar. Na 3 shi ne inda gida ya fara tsallake abinci ko sayar da akuya da kayan noma don ya ci. Na 4 yara sun fara mutuwa. Na 5 shi ne yunwar da ke share gari.

Idan kuka ji an ce mutum miliyan 30 da wani abu za su fuskanci yunwa a Najeriya, jimillar waɗanda ke mataki na 3 zuwa sama ake nufi, a watannin Yuni zuwa Agusta. Lissafin Nuwamban 2024 ya ce miliyan 33 a daminar 2025. Na Nuwamban 2025 ya ce kusan miliyan 35 a daminar 2026. Kebbi tana cikin jihohin da ake ƙirgawa.

Ba a ayyana mataki na 5 a yanki sai abu uku sun haɗu: gida 1 cikin 5 ba shi da abinci kwata-kwata, kashi 30 cikin 100 na yara sun rame ramar tamowa, kuma mutum 2 cikin kowane 10,000 suna mutuwa kullum. An ayyana shi a Somaliya a 2011, a Sudan ta Kudu a 2017, a sansanin Zamzam na Darfur a 2024, da Gaza a 2025. Abin baƙin cikin shi ne sau da yawa sai an kai nan masu kuɗi suke motsawa. A Somaliya kimanin mutum 260,000 ne suka rasu, rabinsu ƙananan yara, kuma bincike ya nuna da yawansu sun riga sun mutu kafin a yi sanarwar.

An ƙirga Kebbi, amma ba ta cikin takardar roƙo

Nan ne gizo ke saƙa. Ƙirga mutum daban, nema masa kuɗi daban. Duk shekara ofishin daidaita ayyukan jinƙai na Majalisar, OCHA, yana fitar da takardar buƙatu ta Najeriya, wadda masu bayarwa ke dubawa kafin su saki kuɗi. Ta 2025 ta nemi dala miliyan 910 don mutum miliyan 3.6. Jihohi uku ta ƙunsa: Borno, Adamawa da Yobe. Haka ta kasance shekara da shekaru. Babu Kebbi, babu Sakkwato, babu Zamfara, babu Katsina.

Ba wanda zai yi wa mutanen Borno hassada. Rikicin Boko Haram ya raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu, akwai garuruwan da ba a iya noma nesa da ramin tsaron da ya kewaye su, kuma saboda wannan ne WFP ta buɗe aikinta a can a 2016. Matsalar tana ga yadda tsarin ya kasa yunwa gida biyu. Wadda yaƙi ya haifar, mai sansani da tanti da jerin sunaye, ita ake kira ta gaggawa. Wadda talauci da tsada da ciwo suka haifar kuwa, sai a ce wannan aikin raya ƙasa ne, na gwamnati ne, kuma Najeriya ƙasa ce mai man fetur, ba ta cikin jerin mafiya talauci. Ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, MSF, ta sha kira tun 2022 cewa a saka Arewa maso Yamma a cikin takardar. An samu 'yan ayyuka a Sakkwato da Zamfara da Katsina, amma takardar ba ta sauya ba.

Ko a cikin Kebbi, Jega da Aliero da Maiyama suna can ƙarshen layi idan da ma'aunin rikici za a bi. Ta'asar 'yan bindiga ta fi yawa a masarautar Zuru, wajen Danko-Wasagu da Sakaba, Lakurawa kuma a ƙananan hukumomin iyaka irin su Augie da Arewa. Yunwar tsakiyar jihar ba ta da ƙarar bindiga. Ta magidanci ce da ya sayar da shinkafarsa da kaka don ya biya bashin taki, ya dawo yana awo a kwano da damina da tsada. Ta wanda ambaliyar 2020 ta cinye masa fadama bai gama farfaɗowa ba sai ga cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin ban-ruwa ya ninka, aka rufe iyakar Kamba bayan juyin mulkin Nijar, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ta manomin albasa ce da rabin abin da ya ajiye a rudu ya ruɓe kafin farashi ya tashi. Ta yaron da aka yaye a kan kunu zalla, ƙyanda ta kama shi, ba a yi masa rigakafi ba. A ganina wannan rabon bai yi adalci ba. Yaron da tamowa ta yi wa tsanani a Maiyama yana cikin haɗarin mutuwa daidai da na Bama a Borno, kuma maganinsu ɗaya ne.

To wa ke biyan abin da ake yi a Maiyama? MSF ta fara aikin tamowa a Kebbi a 2022 tare da ma'aikatar lafiya ta jiha, da sashen kwanciya a asibitin Maiyama da wuraren karɓar magani a tafi gida. Ita wannan ƙungiya, wadda aka kafa a Faransa a 1971, fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗinta daga aljihun ɗaiɗaikun mutane miliyoyi da cibiyoyi masu zaman kansu yake fitowa, ba daga gwamnatoci ba. Malamar makaranta a Jamus ko ɗan fansho a Japan da ke ba da ɗan abu duk wata, su ne suke riƙe da gadon da ɗanmu ke kwance a kai. Wannan ne ya ba ta damar zuwa inda takardar Majalisar ba ta ambata ba. Ɗaya hanyar ita ce UNICEF, wadda ofishinta na Sakkwato ke kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, kuma ita ce ke kawo mafi yawan abincin tamowa da ake bayarwa a asibitocin gwamnati.

Abin da ke cikin ledar

Ya kamata kowane gida ya san abubuwa biyu da ido. Na farko wata 'yar siririyar igiyar awo ce mai launi uku, ana naɗa ta a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan ta tsaya a kore, lafiya. Rawaya, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5, tamowa ta fara. Ja, ƙasa da 11.5, ta yi tsanani. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar komai: a danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na ɗan lokaci, idan aka ɗaga wurin ya zauna a loɓe, wannan kumburin tamowa ne ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba, kuma asibiti za a nufa a ranar.

Na biyu ita ce ledar abincin tamowa. Nauyinta giram 92, cikinta niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da madarar gari da mai da sukari da sinadaran gina jiki. Ba a dafawa, ba a haɗawa da ruwa, shi ya sa ƙwayar cuta ba ta samun wurin zama a ciki. A yage baki a matsa wa yaro ya tsotsa. Wani likita Bafaranshe, André Briend, da kamfanin Nutriset ne suka ƙirƙiro ta a 1996, amma a ƙasar Hausa ta nuna kanta: a yunwar Nijar ta 2005, MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, akasarinsu a yankin Maraɗi, kuma yawancinsu a gida suka warke a hannun iyayensu mata. Kafin zuwan ledar sai an kwantar da kowane yaro. Yanzu idan aka gwada shi ya iya ci, kuma ba shi da wani ciwo mai tsanani, sai a ba uwar na mako ɗaya ko biyu ta tafi, ta dawo a sake awo. Wanda ya kasa ci, ko ya kumbura sosai, ko yana da zazzaɓi mai zafi ko ciwon haƙarƙari, shi ake kwantarwa, a fara da wata madara ta musamman kaɗan-kaɗan, wani lokaci ta 'yar robar da ake zurawa ta hanci, domin cikinsa ba zai ɗauki abinci mai nauyi ba tukuna.

Kwali ɗaya yana ɗauke da leda 150, kuma kusan kwali ɗaya ke warkar da yaro ɗaya cikin mako 6 zuwa 8. Kuɗinsa yana kaiwa dala 40 zuwa 50. UNICEF ce ke sayen kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ake yi a duniya. Ana yin sa yanzu a Legas da Kano da Yamai, amma kamfani ba ya kunna inji sai an ba shi oda, odar kuma sai kuɗi sun shigo. Daga ranar da aka saki kuɗi zuwa ranar da kwali zai sauka a ɗakin shan magani na ƙauye watanni ne. Wanda ya jira Yuli kafin ya biya, ya makara wa daminar wannan shekarar.

Abin da ya faru a 2025

Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin Amurka na ƙetare na kwana 90. A watan Maris sakataren harkokin wajensa, Marco Rubio, ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar tallafin ƙetare ta Amurka, USAID, kuma a farkon Yuli aka rufe hukumar, aka mayar da abin da ya rage ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Ba Amurka kaɗai ba ce. Birtaniya, wadda ta riga ta rage tallafinta daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na arzikin ƙasa a 2021, ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta sake ragewa zuwa 0.3 don ta ƙara wa soja. Jamus ta zaftare kusan rabin kasafinta na agajin gaggawa. Faransa da Holan su ma sun rage. Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta buɗe shekarar da neman kimanin dala biliyan 47, ta dawo a watan Yuni ta ce a ba ta ko biliyan 29 ne don waɗanda ke bakin mutuwa.

Tun a Maris UNICEF ta yi gargaɗin cewa abincin tamowa zai iya ƙare mata a Najeriya da Habasha cikin wata biyu. A daidai lokacin kwalaye suna jibge a rumbunan kamfanonin Amurka da ke yin sa, ba a ba da izinin ɗauka ba, daga baya kuma a Dubai kusan tan 500 na biskit ɗin agaji ya lalace a ajiye. A watan Yuli WFP ta ce za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas idan ba ta samu dala miliyan 130 ba, kuma wuraren kula da tamowa sama da 150 a Borno da Yobe suna fuskantar rufewa. Daga baya Amurka ta saki dala miliyan 32.5, wanda ya toshe wani ɓangare na ramin. A cikin watan Yulin ne MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina a watanni shida na farkon shekarar, da yawa saboda an kawo su a makare.

Wani zai ce tunda Kebbi ba ta cikin takardar, me ya shafe ta? Ya shafe ta ta hanyoyi da yawa. USAID ta yi ayyukan lafiya da na noma a jihar shekaru da dama, na asibitocin matakin farko da na wayar da kan iyaye da na malaman gona. Abincin tamowa na ƙasa duka daga rumbu ɗaya yake fitowa. Idan ya yi ƙasa, wuraren da ba a sa a gaba ba su ne ke fara rasawa. Idan ɗakin shan magani na kusa ya ce babu, uwa takan koma gida ta jira, sai ciwo ya ci ƙarfin yaro sannan a nemi kuɗin mota zuwa Maiyama. Yaron da kwali ɗaya zai warkar a gida ya koma mai buƙatar gado da ƙarin jini da iskar numfashi, uwar kuma ta bar sauran yara da gona tsawon kwanaki. Ƙungiya ɗaya, komai kuɗinta, ba za ta ɗauke nauyin jiha mai ƙananan hukumomi 21 ba.

Buhu ko kuɗi

Akwai wata muhawara da ta shafi manomi kai tsaye. Tun dokar 1954 da ta kafa shirin abincin agajin Amurka, wani babban kaso na taimakonta hatsin manomanta ne ake saye, a loda aƙalla rabinsa a jiragen ruwan Amurka, a yi watanni a hanya. Idan irin wannan ya sauka dab da kaka yana iya karya farashi a hannun manomin gida. Shi ya sa a 'yan shekarun nan aka fi karkata ga sayen hatsi a cikin ƙasa, ko a ba mabukaci kuɗi ta kati ko waya ya yi awo a kasuwar garinsu. WFP tana sayen dawa da gero da wake a kasuwannin Arewa. Ga wuri irin Jega, inda hatsi yake a kasuwa kuɗin saye ne babu, tallafin kuɗi ya fi ma'ana: mai gida ya ci, ɗan kasuwa ya sayar, manomi ya samu mai saye. Wannan kuma yana nufin idan kuɗin agaji suka ragu, wani mai sayen hatsin Arewa ne ya ragu.

Dole a faɗi wata gaskiya mara daɗi. Ana ganin ledar tamowa a kan tebur a wasu kasuwannin Arewa, alhali an rubuta a jikinta cewa ba ta sayarwa ba ce. Wani lokaci daga rumbu take zurarewa, wani lokaci uwa ce ta sayar da kaɗan don ta sayi garin da sauran yara za su ci, kuma wannan uwar tausayi ta fi buƙata a kan zagi. Amma masu bayarwa suna kallo. A watan Yunin 2023 Amurka da WFP sun dakatar da abincin agaji a faɗin Habasha gaba ɗaya saboda karkatarwa, aka yi watanni miliyoyin mutane ba su samu ba. Baligin da ya sayi ledar nan don ya sha da burodi, maganin wani yaro ya shanye, kuma ya ba wanda ke neman dalilin yanke tallafi hujja.

Abin da ke hannunmu

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gaskiya ne, sai dai a yi hattara kada a mayar da maganar dalilin cewa tallafin waje ba shi da amfani. Yana da amfani, yara da yawa suna raye saboda shi, kuma ƙasashen da suka yanke shi dare ɗaya ba tare da ba da lokacin shiri ba sun yi abin da ya jawo asarar rayuka. Abin da 2025 ta nuna shi ne ba a gina lafiyar yara a kan abin da zaɓen wata ƙasa zai iya rushewa.

Akwai ƙofar da take buɗe yanzu. UNICEF tana da Asusun Ciyar da Yara wanda ke ninka duk abin da gwamnati ta zuba: jiha ta kawo naira ɗaya don sayen abincin tamowa, asusun ya ƙara ɗaya. Jihohi irin su Jigawa da Katsina sun bi ta wannan hanya sun karɓi kwalaye. A matakin tarayya, majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don cike giɓin Amurka, an kuma ƙaddamar da shirin N-774 da nufin kai aikin gina jiki kowace ƙaramar hukuma. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka tambayoyin da ɗan Jega ko Aliero ko Maiyama zai yi wa kansilansa da shugaban ƙaramar hukumarsa da ɗan majalisarsa na jiha a bayyane suke: nawa aka sa wa abincin tamowa a kasafin bana, nawa aka saki a zahiri, a wane wata, kuma kwali nawa ya iso ɗakin shan maganin mazaɓarmu? Sakawa a kasafi ba shi ne saki ba, kuma a tsakanin biyun ne kuɗin yara suka fi maƙalewa.

Akwai kuma zakkar hatsi, ɗaya bisa goma ga noman damina, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka sha wahalar ban-ruwa, idan amfanin ya kai nisabi. A yankin da ake noma shinkafa rani da damina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da kaka ake fitar da ita, lokacin da kowa yake da ɗan abin ci, yunwa kuwa sai bayan wata bakwai ko takwas take tsananta. Malamai da hakimai da kwamitocin masallatai su ne suka san yadda za a tsara rabon bisa shari'a ta yadda gidajen da ke da yara ƙanana da masu ciki za su fi amfana, kuma magana ce da ta cancanci a zauna a kanta.

A cikin gida, ma'aikatan lafiya a Kebbi suna koya wa mata haɗin garin kunu da ake kira Tom Brown: gero ko dawa su fi yawa, sai waken suya, sai gyaɗa kaɗan, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Duk abin da ake buƙata yana kasuwar Jega. Yana taimakon yaron da ke rawaya kada ya faɗa ja, kuma yana da kyau ga wanda ake shirin yayewa, tare da nonon uwa zalla a wata shida na farko da rigakafin ƙyanda a wata tara. Amma ba ya maye gurbin magani. Yaron da awonsa ya shiga ja, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya daina karɓar abinci, a kai shi asibiti ba tare da jiran ranar kasuwa ba. Jinyar tamowa a cibiyoyin MSF kyauta ce, ledar kuma ba a biyan ko kwabo a kanta a duk inda ake bayarwa. Wanda aka nemi kuɗi a hannunsa ya sanar da shugaban asibitin ko mai garinsu.